Ma'anar "Anglo-Irish": Oscar Wilde ɗan Birtaniya ne ko ɗan Ailan?

Duk wanda ya karanci adabin Turanci a jami'a ya ci karo da sunan Oscar Wilde, kuma sau da yawa a jerin marubutan Ingila ake saka shi. Mutanen Ailan ba sa jin daɗin haka ko kaɗan. Masu son raba gardama sai su ce ai shi "Anglo-Irish" ne. To me ake nufi?

Kalmar ba sunan ƙasa ba ce, babu kuma fasfo mai wannan suna. Wani rukunin jama'a take nufi: zuriyar Turawan Ingila da suka zauna a tsibirin Ailan tun ƙarnoni da suka wuce, mabiya ɗariƙar Furotesta, waɗanda filaye da muƙamai da kujerun alƙalanci suka daɗe a hannunsu, alhali mafi yawan 'yan ƙasa mabiya Katolika ne da doka ta danne. Sai a 1829 aka bar ɗan Katolika ya zauna a majalisar dokoki ta Landan. Su waɗannan mutane in sun je Landan ana musu kallon 'yan Ailan, in suna gida kuma talakawa na musu kallon 'yan mulkin mallaka.

A cikin irin wannan gida aka haifi Wilde a Dublin a 1854. Mahaifinsa, Sir William Wilde, likitan ido da kunne ne mai suna. Oscar ya yi karatu a Kwalejin Trinity ta Dublin, ya wuce Oxford, ya yi tashe a gidajen wasan kwaikwayo na Landan, aka ɗaure shi shekara biyu a 1895, ya mutu a Paris a 1900.

Masu cewa ɗan Birtaniya ne ba su rasa hujja ba. Daga 1 ga Janairun 1801 aka haɗe Ailan da Birtaniya suka zama ƙasa guda, majalisa guda. Ƙasar Ailan mai cin gashin kanta ba ta samu ba sai 1922, shekara 22 bayan mutuwarsa. Ke nan a takarda, tun haihuwa har kabari, talakan sarautar Birtaniya ne. Da Turanci ya yi yawancin rubutunsa, manyan gidajen Landan kuma su ne abin zolayarsa.

Amma a ganina takarda ba ta isa ta yanke wannan hukunci ba. An haifi Abubakar Imam a 1911 ƙarƙashin mulkin Turawa, ba wanda ya taɓa kiransa marubucin Birtaniya. Na san akwai bambanci, domin a wancan lokaci Ailan tana da wakilai a majalisar Landan, Arewacin Najeriya ba ta da su. Duk da haka, wanda ke mulkinka daban, mutanen da ka fito cikinsu daban. Kuma gidan su Wilde ba gidan 'yan amshin shata ba ne. Mahaifiyarsa Jane ta riƙa buga waƙoƙin kishin Ailan masu zafi a jaridar The Nation da sunan Speranza, a shekarun babbar yunwar da ta fara a 1845, wadda ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya. Shi kansa, da aka hana nuna wasansa Salomé a Landan a 1892, ya shaida wa wata jaridar Faransa cewa shi ba ɗan Ingila ba ne, ɗan Ailan ne. Mutum ya faɗi asalinsa da bakinsa, me ya rage?

Yau kowane ɓangare na riƙe da shi. A dandalin Merrion na Dublin, daura da gidan da ya girma, akwai mutum-mutuminsa a kishingiɗe kan wani ƙaton dutse, da kore-koren kwat, fuskar gefe guda tana murmushi, gefe guda a murtuke. A Landan kuwa, birnin da ya yanke masa hukunci, an rubuta sunansa a wata taga ta majami'ar Westminster a 1995.

Mu Hausawa muna da tamu matsalar, don komai Ingila muke ce masa. Ingila yanki ɗaya ce kawai. Birtaniya ta ƙunshi Ingila da Sikotilan da Wales. Saboda haka ko da za a ja da "ɗan Birtaniya", cewa Wilde ɗan Ingila ne kuskure ne tsantsa.

Inda abin ya fi sarƙaƙiya shi ne Arewacin Ailan, gundumomi shida da suka ci gaba da zama tare da Birtaniya. Marubuci C. S. Lewis, haifaffen Belfast a 1898, yana kiran kansa ɗan Ailan, amma garinsu bai taɓa fita daga daular ba, a Oxford kuma ya ƙare rayuwarsa. Seamus Heaney, wanda ya ci kyautar Nobel a 1995, da aka sa waƙoƙinsa cikin kundin mawaƙan Birtaniya a 1982, sai ya mayar da martani da waƙa cewa fasfonsa kore ne, wato na Ailan. Yarjejeniyar zaman lafiya ta Belfast ta 1998 ta bai wa mutanen yankin damar zama 'yan Ailan, ko 'yan Birtaniya, ko duka biyun.