Handikaf a wasan golf

Handikaf lamba ce da ake ba ɗan wasan golf, wato ƙwallon lambu, wanda yake yin wasan don sha'awa ba don sana'a ba. Lambar tana nuna yawan bugun da za a yi masa rangwame idan ya kara da wanda ya fi shi gwaninta. A golf, wanda ya zagaya ramuka 18 da bugu mafi ƙaranci shi ke da nasara, saboda haka gwani lambarsa ƙarama ce, ɗan koyo kuma babba. Idan mai lamba 20 ya yi bugu 92, sai a rubuta masa 72, ya zama kunnen doki da mai sifili wanda ya yi 72 cif. Masu cin abinci da wasan ba sa amfani da ita a gasanninsu.

Asali

An ce kalmar ta fito ne daga wani tsohon wasan musayar kaya na Ingila, inda masu ciniki biyu ke cusa hannu cikin hula bayan alƙali ya faɗi cikon da ɗaya zai ba ɗaya. Daga nan ta shiga sukuwar dawaki, inda ake ƙara wa doki mai gudu nauyi. A golf, ana danganta rubutu mafi daɗewa kan ba da rangwame ga wani ɗalibi a Edinbura mai suna Thomas Kincaid, wajen 1687. A lokacin da baki ake daidaitawa: wannan a ba shi bugu ɗaya a kowane rami, wancan a kowane rami na biyu ko na uku. Abin ya yi kama da yadda masu shirya damben gargajiya ke duba da ido su ce wane ya dace da wane.

Matsala ta taso ne da kulob-kulob suka yawaita a ƙarshen ƙarni na 19. Kowane kulob yana auna mutanensa da gwaninsa na gida, sai mai lamba 5 a wannan gari ya je wancan a ga ko mai lamba 12 bai kai ba. Mata ne suka fara gyara wannan a matakin ƙasa, abin da ba a cika ambata ba. Ƙungiyar mata 'yan golf ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1893 da Issette Pearson a matsayin sakatariya, ta tsayar da ma'auni ɗaya ga filayen da ke ƙarƙashinta tun cikin shekarun 1890. Hukumar golf ta Amurka, USGA, ta fitar da nata tsarin a 1911 bisa aikin Leighton Calkins. Ƙungiyoyin maza na Birtaniya da Ailan ba su haɗa kai ba sai 1924, tsarinsu kuma ya fara aiki a 1926.

Wajen 1979 Dean Knuth da abokan aikinsa a USGA suka soma nazarin wani abu da kowane ɗan koyo ya sani a jikinsa: fili mai wuya ya fi cutar da marar gwaninta. Tafkin da gwani ke tsallakewa da bugu ɗaya, shi ke cinye wa ɗan koyo ƙwallaye uku. Daga wannan aiki aka samu lambar wuyar fili da ake kira silof, wadda USGA ta karɓa a 1987. Tana tashi daga 55 zuwa 155, matsakaicinta 113.

Tsarin duniya

A 2020 USGA da R&A, hukumar golf da ke Sant Andurus a Sikotilan, suka haɗe tsare-tsare 6 da ake da su, na Amurka, Birtaniya da Ailan, Turai, Ostireliya, Afirka ta Kudu da Ajantina, suka zama ɗaya. Ana ɗaukar sakamako 8 mafi kyau daga cikin 20 na ƙarshe a fitar da matsakaici. Wato lambar tana nuna abin da mutum ke iyawa ranar da hannunsa ya faɗa, ba abin da ya saba yi kullum ba. Sabon shiga na samun lambar farko bayan ramuka 54.

Lambar tana sauyawa da fili. A ce wani Bahaushen Jidda mai lamba 18.0 ya je filin da silof ɗinsa 130, ƙimarsa 72.5 (bugun da ake sa ran mai sifili zai yi a filin), mizaninsa 72 (jimillar bugun da aka ƙayyade wa ramukansa). Za a ninka 18 da 130, a raba da 113, a ƙara rabin nan na bambancin ƙima da mizani, a samu kusan 21. A gasar ƙirga bugu ta mutum ɗai-ɗai akan ba shi kashi 95 cikin 100 na wannan, wato 20.

Iyakoki

Mafi girman lamba ita ce 54.0 ga namiji da mace. Kafin nan iyakar Amurka 36.4 ce ga maza, 40.4 ga mata, ta Birtaniya kuma 28 da 36 har zuwa 2018. Akwai iyaka a kowane rami: ba a rubuta wa mutum fiye da mizanin ramin da ƙarin bugu 2 da rangwamen da yake da shi a wurin. A rami mai mizani 4, mai rangwame ɗaya ko ya yi bugu 11, 7 za a sa a lissafi.

Sai birki biyu da ke hana lamba tashi da sauri, ana auna su da mafi ƙarancin lambar da mutum ya riƙe cikin kwana 365. Idan ta haura da fiye da 3.0, ana raba abin da ya wuce biyu. Ba ta kuma wuce ƙarin 5.0 ko ta halin ƙaƙa. Wanda ya taɓa sauka 12.0, lissafi ya kai shi 17.0, zai tsaya a 16.0. Wanda kuma ya yi wasan da ya fi lambarsa kyau da bugu 7 ana rage masa 1 nan take, idan ya kai 10 a rage 2. Manyan gasa na da tasu iyakar ta shiga: neman gurbi a US Open, babbar gasar Amurka, sai mai lambar da ba ta wuce 0.4 ba.

Adalci

Duk waɗannan birki an yi su ne saboda abu ɗaya: mutum shi ke kai rahoton kansa, abokin wasansa ya sa hannu. Akwai masu sakaci da gangan don lambarsu ta kumbura, ranar gasa su kwashe kyauta. Akwai masu ɓoye mummunan sakamako don a ce musu gwanaye, kuma waɗannan abokin tarayyarsu suke cuta. Lissafi na rage ɓarnar, amma amana ce ke riƙe da tsarin. Shi ya sa dokokin 2022 suka hana ɗan sha'awa karɓar kuɗi a gasar rangwame, suka kuma tsayar da darajar kyauta a dala 1,000.

Masu ƙananan lambobi na kukan cewa a taro mai yawa da wuya su yi nasara, domin dole a samu mai babbar lamba ɗaya da ranar ta yi wa kyau. Hukumomin na cewa kashi 95 ɗin nan don haka aka yi shi. Muhawarar ba ta ƙare ba.

A Saudiyya

Ma'aikatan mai na Aramco ne suka yaɗa wasan a Zaharan, a filin rairayi. A wancan lokacin wurin ramin yashi ne da aka cakuɗa da mai aka daddale, ana share sawun ƙafa bayan kowane rukuni, ɗan wasa kuma yana yawo da guntun tabarmar ciyawar roba yana ɗora ƙwallo a kai. Lambar da aka samu a irin wannan fili ba ta faɗin gaskiya a kan ciyawa, kuma irin wannan giɓi ne ƙimar fili ke ƙoƙarin cikewa. Filin Dirab kusa da Riyad na cikin na farko masu ciyawa, tun shekarun 1990. Royal Greens, a Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah da ke arewa da Jidda, ya karɓi gasar Saudi International ta farko a 2019, ta mata kuma a 2020. A can iskar Bahar Maliya kan tashi da rana, wanda ya fita da hantsi da wanda ya fita bayan azahar kamar ba fili ɗaya suka buga ba. Tsarin na da gyaran yanayi na kullum, daga ragin 1 zuwa ƙarin 3.

Hausawan Makka, Madina da Jidda an fi sanin su a ƙwallon ƙafa, inda sunan Hawsawi ya fito har a tawagar Saudiyya ta gasar cin kofin duniya ta 2018. Golf kuwa sai da kuɗin kulob da sanduna da mota, filayen kuma kaɗan ne, suna nesa da unguwanni.