Idan Mai Zane Ya Buɗe Baki Kan Aikinsa: Tambayoyi da Amsoshi

A yau da wuya a shiga wurin baje kolin zane ko sassaƙa ba a tarar da 'yar takarda manne a bango ba, ɗauke da maganar mai aikin kan abin da ya yi da dalilinsa. Wasu bayanan kan buɗe wa mai kallo ido, wasu kuwa sai su ƙara rufe shi.

Tun da aikin yana gaban idonmu, me ya sa sai mai shi ya yi bayani?

Domin ido abin da aka gama kawai yake gani, ba ya ganin zaɓin da aka yi kafin a kai nan. A 2018 mai zane ɗan Amurka Kehinde Wiley ya zana Barack Obama zaune kan kujera, ganye da furanni sun kewaye shi. Mai kallo zai ce ado ne. Daga bakin Wiley aka ji cewa furannin iri uku ne kuma kowanne da inda yake nuni: ɗaya Shikago inda Obama ya fara siyasa, ɗaya Hawayi inda aka haife shi, shuɗin kuma Kenya ƙasar mahaifinsa. Zanen yana nan yadda yake, sai dai wanda ya ji wannan ba zai sake kallonsa kamar da ba.

Daga ina masu zane suke cewa ilhama take zuwa musu?

Wanda bai saba da hirarrakinsu ba zai zaci za su ce tunani ne yake faɗo musu cikakke dare ɗaya. Kaɗan ne suke faɗin haka. Galibi abin yana farawa ne daga wani kaya da ya shigo hannu, ko wata tambaya da ta tsaya a rai.

El Anatsui, ɗan Gana da aka haifa a 1944, wanda ya fara koyarwa a Jami'ar Najeriya ta Nsukka a 1975, ya sha ba da labarin yadda ya tsinci buhun marafan kwalaben giya da aka yar, a ƙarshen shekarun 1990. Ya ajiye su watanni bai san abin da zai yi da su ba. Daga baya ya fara daddale su, yana yankawa, yana hudawa, yana ɗinke su da siririyar wayar jan ƙarfe, har suka zama manyan shimfiɗu masu sheƙi da ake ratayewa a bango kamar ƙyalle. Ma'anar kuma ta biyo baya: giya na cikin hajar da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar Afirka ta Yamma a zamanin cinikin bayi, saboda haka marfin kwalba yana ɗauke da tarihin Afirka da Turai da Amurka. Kayan ne ya riga ma'ana zuwa, kuma shi kansa haka yake faɗa.

Yinka Shonibare, haihuwar Landan a 1962, tashin Legas, tambaya ce ta tunzura shi. Wani malaminsa a makarantar zane ya ce masa me ya hana shi yin fasahar Afirka ta asali. Sai ya je kasuwar Brixton a Landan ya sayo atamfa, ya bi salsalarta, ya tarar salon rinin daga Indonesiya yake, masana'antun Holan suka kwaikwaya, 'yan Afirka ta Yamma suka mai da ita tasu. To ina asalin? Tun daga nan atamfa ta zama harshensa, har a 2010 ya kafa jirgin ruwa a cikin ƙatuwar kwalba a dandalin Trafalgar na Landan, filafilansa duk na atamfa.

Ibrahim El-Salahi na Sudan ya dawo daga karatu a Landan ya ga zanensa bai shiga zuciyar mutanen Khartoum ba, sai ya koma ga rubutun allo da ya taso a cikinsa, yana warware haruffan Larabci har fuskoki da siffofi suka fara fitowa daga tsakaninsu. Yayoi Kusama ta Japan kuwa ta ce ɗige-ɗigen da suka cika aikinta tun tana yarinya take ganinsu suna mamaye duk abin da ta kalla, zana su shi ne hanyar da take samun sauƙi.

Yaya mai zane zai riƙe waɗannan abubuwa kada su ɓace masa kafin a tambaye shi?

Da littafin ɗakin aiki. Ba sai an tsawaita ba, layi huɗu ko biyar a ƙarshen kowane zama sun isa: kwanan wata, aikin da aka taɓa, kayan da aka yi amfani da su har sunan kamfanin fenti da irin abin da aka sirka shi da shi, abin da aka canza, da dalilin canzawa. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa, kuma shi ya fi amfani. A ɗauki hoton aikin a kowane mataki, daga wuri ɗaya, cikin haske iri ɗaya, in ba haka ba ba za a gane ko launi ne ya canza ko fitila ba. Abubuwan da suka ja hankali, kamar yankin jarida ko ƙyalle ko hoto, a tara su wuri guda da kwanan wata. Gerhard Richter na Jamus tun shekarun 1960 yake tara irin waɗannan hotuna da zayyane-zayyane, suka kai dubbai, har tarin ya zama abin baje koli mai zaman kansa.

To yaya ake rubuta bayanin da ake mannawa a bango ko a aika wa masu tsara baje koli?

A tanadi iri biyu: gajere mai kalma 50 zuwa 100 don bango, da dogo mai kalma 200 zuwa 300 don neman tallafi ko gurbin baje koli. A fara da abin da ake iya taɓawa: mene ne, da me aka yi shi, ta yaya. Sannan a kawo tambayar da ta haifi aikin, guda ɗaya tak. A ƙarshe a faɗi wani zaɓi da aka yi da gangan wanda mai kallo zai iya tabbatarwa da idonsa, misali barin gefen ƙyallen ba fenti, ko ƙin goge sawun gawayi. A rubuta da "na yi", domin "mai zanen ya yi" salon tarihin rayuwa ne, shi kuma takardarsa daban.

Katin da ke ƙarƙashin aikin ba wurin bayani ba ne. Suna, taken aiki, shekara, kayan aiki, sai girma a santimita: tsawo kafin faɗi, zurfi a ƙarshe in sassaƙa ne. In bugu ne mai kwafi da yawa, a sa lambarsa, kamar 3/20, wato kwafi na uku cikin ashirin.

Gwaji mai sauƙi: a karanta wa wanda bai taɓa ganin aikin ba, a ce ya kwatanta abin da yake tsammanin zai gani. In ya kasa faɗin ko zane ne ko sassaƙa, a sake rubutawa.

A ina aka fi yin tuntuɓe?

Manyan kalmomi marasa jiki. "Aikina yana bincike kan ɗan Adam da zamani" magana ce da masu zane dubu za su iya sa hannu a kanta, don haka ba ta kowa ba ce. Sai umartar mai kallo da abin da zai ji a ransa, wanda yakan jawo akasin haka. Sai kuma yi wa aikin alƙawarin da bai cika ba: takarda na maganar yaƙi da gudun hijira, bango kuwa tukunyar fure ce kawai. Wannan yakan faru idan an rubuta bayanin kafin a gama aikin, aikin ya sauya hanya, takardar ta tsaya inda take.

Duk abin da mai zane ya faɗa game da aikinsa gaskiya ne ke nan?

Shaida ce mai ƙarfi, amma ba hukuncin ƙarshe ba. Labarin da aka maimaita sau ɗari yakan yi sumul fiye da yadda abin ya faru, sa'a da kuskure su koma kamar shiri. Kasuwa ma tana son labari mai daɗin faɗa. Shi ya sa maganar mai zane kan yadda ya yi ta fi abin dogaro a kan maganarsa ta dalilin yi. William Kentridge na Afirka ta Kudu misali ne mai kyau. Yana zane da gawayi, ya ɗauki hoto, ya goge wani sashe, ya sake zanawa, ya sake ɗauka, har ya zama hoto mai motsi, kuma ya sha cewa ba ya farawa da tsararren labari, a cikin yi yake gano inda abin ya dosa. Sawun gugar da ke kan takardar yana gaskata shi.

In wasu ne suka yi aikin da hannunsu, shi me zai ce?

Ya faɗi gaskiyar rabon aikin. Ƙwayoyin irin sanfulawa miliyan 100 na tangaran da Ai Weiwei, ɗan ƙasar Sin, ya zuba a gidan baje kolin Tate Modern na Landan a 2010, masu sana'a kimanin 1,600 ne a garin Jingdezhen na ƙasar Sin suka ƙera su suka yi musu fenti ɗaya bayan ɗaya, kuma bai ɓoye ba, hasali ma yawan hannayen na cikin abin da aikin ke faɗa. Shimfiɗun El Anatsui ma mataimaka ne suke haɗa ƙananan sassan, shi ya jera su a ƙasa yana sauya musu wuri har tsarin ya kwanta masa.

Ban da masu kallo, wa yake buƙatar wannan bayani?

Masu adana ayyukan fasaha a gidajen tarihi, kuma su buƙatarsu ta fi ta kowa gaggawa, domin kayan zamani ba sa jure shekaru kamar dutse ko tagulla. Roba tana tsagewa, manne yana rawaya, na'urar bidiyo tana fita kasuwa. Don haka suke zama da mai aikin tun yana raye, su naɗi hira, su tambaye shi dalla-dalla: wane sashe za a iya musanyawa in ya lalace? Tsufan kayan ɓarna ne ko yana cikin nufinka? Wane irin haske, wane nisa daga bango?

Amsoshin sun sha bamban. Kifin shak ɗin da Damien Hirst na Birtaniya ya sa cikin ruwan fomalin, sinadarin hana ruɓewa, a 1991 ya fara ruɓewa, aka musanya shi da wani a 2006 da amincewarsa, domin a wurinsa tunanin ne aikin. Ayabar da Maurizio Cattelan na Italiya ya manna a bango da salatif a 2019, wadda aka sayar dala miliyan 6.2 a 2024, abin da mai saye ya karɓa takardar shaida ce da umarnin yadda za a manna da lokacin canza ayabar. El Anatsui kuma ba ya ba da umarnin ratayewa: masu baje kolin su naɗe, su lanƙwasa, su sake shi yadda wurin ya ba su, shi ya sa aiki ɗaya yake fita da kama daban a kowane bango.