Waiwaye: Lambobi huɗu da ke riƙe da shafi

A shagunan buga takardu na Abuja, akwai ƙorafin da ba ya ƙarewa: an buga katin ɗaurin aure, an yanka, sai ga farin layi a gefe, ko wuƙa ta cinye rabin sunan amarya. Inji ake ɗora wa laifi, alhali tushen abin yana cikin yadda kwamfuta ke gane shafi.

Kwamfuta ba ta san takarda ba, lamba ta sani. A 1984 kamfanin Adobe, wanda John Warnock da Charles Geschke suka kafa a 1982, ya fito da PostScript, harshen da ake yi wa firinta bayanin shafi da shi. Awon da aka tsayar shi ne a raba inci ɗaya gida 72, a fara ƙirga daga kusurwar ƙasa ta hagu ana hawa sama. Da haka lambobi huɗu sun ishi duk wani fili mai kusurwa huɗu: biyu na ƙasa ta hagu, biyu na sama ta dama. Takardarmu A4, mai milimita 210 da 297, ta zama 0 0 595 842. Ta Amurka kuwa 0 0 612 792 ce, ta fi faɗi amma ta fi gajarta, shi ya sa aikin da aka tsara a kanta yake gocewa idan ya hau A4.

Fayilolin EPS, wato fayilolin zane da aka gina kan PostScript, sun bi wannan tsari, da layi ɗaya a sama mai faɗin iyakar zanen.

Da PDF ya zo a 1993, akwati biyu ya kawo, kowanne da lambobinsa huɗu: na girman takarda, da na abin da za a nuna a allo. Hakan bai wadatar da maɗaba'a ba, domin mai buga kati ba a kan girman katin yake bugawa ba. Babbar takarda yake sawa, ya yanke daga baya, kuma wuƙa takan ɗan kauce. Sai a PDF 1.3, a 1999, aka ƙara uku: akwatin yanka, akwatin rarar launi da na zane. Na rarar launin nan, wato launin da ake bari ya zarce iyakar yanka, akasari da milimita 3 a kowane gefe, shi ne maganin farin layi. Ƙa'idar PDF/X ta 2001, wadda aka tsara don fayilolin maɗaba'a, ta wajabta a sa akwatin yanka ko na zane.

Abin da ke damuna shi ne, idan mai zane bai sa su ba, fayil ba ya kokawa. Akwatin yanka sai ya ɗauki girman na allo, na allo ya ɗauki na takarda, komai ya yi kyau a waya. Sai an yanka asara ta bayyana, kuma galibi ƙaramin mai shago ne ke biyan kuɗin sake bugu daga aljihunsa.

Akwai wata rigimar daban da ke jiran matasanmu masu rubuta manhaja. Hotuna da allon kwamfuta daga sama ta hagu suke ƙirga, ana gangarowa. Wanda ya ɗauko iyakar kalma daga hoton takarda ya ɗora a PDF, sai ya debe lambar daga tsawon shafi, in ba haka ba alamar da ya nufa da saman takarda a gindinta za ta fito.