Hoton ƙashi na nukiliya ga mai ciwon sankara: tambayoyi da amsoshi

Na riga na yi eksire, me ya sa likita zai sake tura ni wani hoton?

Eksire ba ya nuna ɓarna sai ƙashi ya zaizaye sosai. Hoton nukiliya kuwa yana kama wurin da ƙashi ke fafutukar gyara kansa tun kafin ya rarake, kuma yana ɗaukar jiki duka, daga ƙoƙon kai zuwa tafin ƙafa. An fi yi wa masu sankarar mama, ta furostet (ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza) da ta huhu, domin su ne suka fi bazuwa zuwa ƙashin baya, haƙarƙari da ƙugu.

Yaya ake yin sa?

Za a yi maka allura a jijiya da sinadarin teknishiyam-99m, mai fitar da tururin nukiliya da na'urar hoto ke gani, haɗe da MDP mai kai shi ƙashi, milikuri (ma'aunin ƙarfinsa) 20 zuwa 30 ga babba. Sai ka jira awa 2 zuwa 4 ƙashi ya tsotsa, kana shan ruwa da yawa don ƙoda ta wanke ragowar. Ka yi fitsari daf da hawa gado, domin cikakkiyar mafitsara tana rufe ƙashin ƙugu, ɗigon fitsari a wando kuma yana fitowa kamar ciwo. A cire zobe, bel, makulli da tsabar kuɗi. Kwanciyar kanta kamar rabin awa ce, ba motsi. Ba a hana cin abinci, amma saboda shan ruwan, mai azumi ya faɗa tun ranar karɓar lokaci.

Me ya sa ake sa rana, ba a yi nan take?

Maganin allurar ba ya ajiyuwa. Duk awa 6 rabin ƙarfinsa ke tafiya, kuma daga waje ake shigo da tushensa. A Legas, mai tasowa daga Agege ko Mile 12 ya yi sammako kafin gosulo. Wasu daga Legas har asibitin koyarwa na UCH da ke Ibadan ake tura su.

In an ga baƙin tabo, shi ke nan sankara ta shiga ƙashi?

A'a, kuma nan ne mutane suka fi tayar da hankalinsu a banza. Tsohuwar karaya, amosanin gaɓɓai, ciwon haƙori da sikila duk suna jawo maganin allurar, ya taru ya fito kamar tabo. Tabo ɗaya a gwiwar dattijo galibi amosani ne. Tabo barkatai a gadon baya da haƙarƙari shi ne abin tuhuma. Haka nan a watannin farko na maganin sankara tabon kan ƙara duhu alhali ƙashin warkewa yake yi. Don haka a gaya wa likita duk faɗuwa, haɗarin okada ko tiyatar da aka taɓa yi. In da shakka, a ƙara da wani hoton mai fito da wurin dalla-dalla, wato SPECT/CT ko MRI.

In hoton ya fita fes fa?

Ba kullum yake wanke mutum ba. Sankarar ɓargo da ake kira mayeloma cin ƙashi take yi ba tare da gyara ba, sau da yawa hoton ba ya ganin ta.

Akwai haɗari?

Kaɗan ne, yawancin maganin yana barin jiki cikin kwana ɗaya. Mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa kafin allura, kuma a rage rungumar jarirai a ranar.