Shirya tafiyar mota ta tsaunuka da hamada a ƙarshen kaka

Me ya sa matafiya suke zaɓar wannan lokaci?

A ƙasashen arewacin duniya, ƙarshen kaka yana kamawa ne daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, lokacin da zafin hamada ya karye. Kwarin Mutuwa da ke Kalifoniya a Amurka, inda aka auna zafin digiri 56.7 a shekarar 1913, yana zama wurin da mutum zai fita daga mota ya taka da ƙafa. Sai dai sanyin da ya kawo sauƙi a hamada shi ne kuma yake fara rufe hanyoyin kan tsauni.

Har yaya yanayi yake sauyawa a cikin yini ɗaya?

Duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.5. Wanda ya tashi daga Marrakesh a Maroko zuwa Warzazat zai bi ta mashigar tsauni ta Tizi n'Tishka mai tsayin fiye da mita 2,200, kuma zai iya barin gari da riga ɗaya ya iske kansa yana karkarwa a can sama, domin bambancin ya kusa digiri goma sha biyu. Hamadar ma ba ta da amana bayan faɗuwar rana, saboda busasshiyar iska ba ta riƙe zafi. Shi ya sa ya fi dacewa a sa tufafi hawa-hawa, a riƙa tuɓewa ana ƙarawa.

Shin ana rufe hanyoyi ne gaba ɗaya?

Ana rufe wasu. Hanyar Trail Ridge a jihar Kolorado ta Amurka, wadda ta haura mita 3,700, takan rufu daga tsakiyar Oktoba sai ƙarshen Mayu, mashigar Tioga da ke gandun dajin Yosemite a Kalifoniya kuwa yawanci a Nuwamba ake rufe ta. Saboda haka kowace mashiga a tanadar mata hanya ta biyu, a kuma duba sanarwar hukumar hanya a safiyar ranar tafiya. A wasu wurare doka ce a ɗaura wa tayoyi sarƙa idan dusar ƙanƙara ta sauka, kuma gara a koyi ɗaurin tun a gida, domin koyo a bakin titi da yatsun da sanyi ya ƙandare wahala ce.

Me ya kamata a duba a jikin mota?

Birki ne na farko, kuma a ganina gangara ta fi hawa haɗari. Direban da ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga kan dutse zai fara jin ƙauri, sannan ya ji fedar ta yi laushi a daidai lokacin da kwana take gabansa. Maganin shi ne a sauko da ƙaramar giya, inji ya riƙe motar, a riƙa taɓa birki jefi-jefi. A hawa kuma kada a yi mamaki idan mota ta yi sanyin jiki, domin injin da ba shi da turbo (na'urar da take cusa wa inji ƙarin iska) yana rasa kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 1,000. A tabbatar akwai ruwan hana daskarewa a lagireto, a gwada batir, a auna iskar tayoyi har da safaya, tun da sanyi yana rage ta. Da sassafe a yi hattara da gadoji da kwanonin da ke cikin inuwa, inda siririyar ƙanƙara take kwanciya ta yi kama da jiƙaƙƙiyar kwalta.

Ruwa da mai fa?

A ɗauki aƙalla lita 4 ta ruwan sha ga kowane mutum a kowace rana, da ƙarin na kwana biyu. Sanyi yana ɓoye ƙishirwa, amma jiki yana ci gaba da bushewa. Game da mai, da zarar tanki ya sauko rabi a cika shi, domin ko a babbar hanyar I-70 ta jihar Yuta a Amurka akwai kusan kilomita 170 tsakanin garuruwan Green River da Salina babu gidan mai. A sauke taswira a waya tun ana da sabis, a kuma sanar da wani hanyar da za a bi da lokacin isa. Idan mota ta lalace a hamada, a zauna kusa da ita, domin ta fi mutum saurin ganuwa. Kada kuma a yada zango a busasshen rafi, saboda ruwan da aka yi a tsauni mai nisa yana iya gangarowa ko da sama tana tangaran.

Kilomita nawa ya dace a yi a rana?

Hasken rana a Nuwamba bai wuce awa goma sha ɗaya ba a waɗannan yankuna, kuma kilomita ɗari a kan tsauni takan ci lokacin ɗari biyu a shimfiɗaɗɗiyar hanya. A tsara yadda za a ƙetare mashiga mafi tsayi da hantsi zuwa azahar, bayan ƙanƙarar dare ta narke, a kuma kwana ƙasa da mita 2,500 a daren farko, domin daga nan ne ƙarancin iska yake fara sa ciwon kai da kasala.