Waiwaye: Yadda Aka Soma Binciken Abincin Halittun Tekun Ƙanƙara

Kasuwanci ne ya bunƙasa binciken halittun tekun Antatika. Tun daga 1904, lokacin da wani ɗan Norway mai suna Carl Anton Larsen ya kafa sansanin Grytviken a tsibirin South Georgia, aka duƙufa kan kashe wel, ƙatuwar dabbar teku mai shayarwa, domin a narka kitsenta a yi sabulu da majarin. Da Birtaniya ta hango cewa wannan arziki zai iya ƙarewa, sai ta tura jirgin Discovery a 1925 da kuɗin harajin man wel ɗin, domin a gano abin da dabbar ke ci da inda take hayayyafa.

Aikin farko ba mai tsafta ba ne. Masana kan tsaya a dandalin fiɗa cikin jini da ɗoyi suna farke tumbi, kuma abin da suke tararwa shi ne kiril, wani ɗan jatan lande da tsawonsa bai wuce santimita 6 ba. A hankali ta bayyana cewa kiril na kiwo a kan ƙananan tsirrai masu yawo a ruwa da gansakukar da ke manne a ƙarƙashin ƙanƙara, shi kuma da shi wel da tsuntsun fengwin da sil, wata dabbar teku mai shayarwa, suka dogara. A tafiyar jirgin Discovery ce masanin halittu Alister Hardy ya ƙera wani akwatin ƙarfe da jirgi ke ja a baya, ruwa na shiga ta ƙaramar kafa yana ratsa ƙyallen siliki mai naɗe kansa sannu a hankali, ta yadda kowane yanki na ƙyallen ke nuna abin da ke rayuwa a inda aka wuce. Har yau ana amfani da wannan dabara.

Da jiragen Tarayyar Sobiyet suka koma kamun kiril ɗin kansa, sai aka ƙulla yarjejeniyar Canberra a 1980, wadda ta fara aiki a 1982. Abin yabo a cikinta shi ne ta wajabta a yi la'akari da rabon dabbobin da ke cin kiril kafin a yanke adadin da za a kama, ko da yake aiwatar da hakan ya fi rubuta shi wuya.

Yanzu an daina dogaro da wuƙa. Jirgi kan aika sauti ƙasa ya auna amsa-kuwwar da ta dawo daga tarin kiril, tauraron ɗan Adam na auna faɗin ƙanƙara tun 1979, ana kuma liƙa wa sil na'ura a ka ta nutse da ita inda jirgi ba ya iya zuwa.

Mai sayen kifin amani a kasuwar Nima da ke birnin Accra yana da ruwa da tsaki a wannan ilimi. Da irin wannan na'urar sauti ce jirgin bincike mai suna Dr Fridtjof Nansen ya auna kifin gaɓar Gana, kuma raguwar amani ce ta sa gwamnati ke rufe kamun kifi a watan Yuli, lokacin da ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasan teku kifi ya yi ƙwai. A wannan kakar ce kuma wel mai doro, wanda ya yi ƙiba da kiril a Antatika, ke isowa mashigin tekun Gini domin haihuwa.