Albashi tsayayye ba ya hana kuɗin ƙarin lokaci a Amurka

An daɗe ana faɗa tsakanin ma'aikata a Amurka cewa duk mai karɓar albashi tsayayye, ba biyan awa-awa ba, ba shi da haƙƙin kuɗin ƙarin lokaci. Ba laifin masu yarda da hakan ba ne, don wasu iyayen gidan ma haka suka ɗauka.

Dokar ƙwadago ta tarayya, wadda aka kafa a 1938, ta tanadi cewa wanda ya wuce awa 40 a mako za a biya shi kowace awar da ta ƙaru da kuɗin awa ɗaya da rabi. Cire ma'aikacin ofis daga wannan haƙƙi galibi sai albashinsa ya kai wani adadi, kuma ainihin aikinsa shugabanci ne, gudanarwa ko na ƙwararru. Sunan muƙami kaɗai bai isa ba. A kira mutum mataimakin manaja alhali yini yake yi yana jera kaya a kanti, irin wannan ya sha sa ma'aikata haɗa kai su shigar da ƙara.

Rubuta awanninka kullum, ka gwada da takardar biyanka, ka kuma duba dokar jiharka. Wa'adin neman haƙƙin shekara 2 ne, ko 3 idan da gangan aka danne shi.

Don Allah a tura wa 'yan uwa masu aiki a can.